Hannu Ɗaya a Aljihu

"Mama, ke kika kashe Kaka Ante?"

Narelle na tsefe wa Tegan kai, sai matajin ya tsaya cak. Kwana uku ke nan da jana'izar, yarinyar ba ta ce uffan ba sai yau.

"Wa ya gaya miki?"

"Na gani. Sau uku kika doke shi."

Ta gani ɗin kuwa.

Kaka Ante shi ne maƙwabcinsu na bayan shinge. Da ya bar aikin masana'antar ƙarfe ta Port Kembla, sai ya mai da garejinsa wurin gyaran talabijin. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya kawo masa wani akwatin wasa da ake haɗawa da talabijin daga Amurka: ga fentin katako, ga madannai biyu masu igiya a murɗe, ga kaset shida. Kamfanin da ya ƙera shi ma bai shekara biyu ba ya mutu, don ba wanda ya saya. Kuma akwatin bai san talabijin ɗin Ostireliya ba. In an haɗa, hoton sai ya yi ta birgima, ba launi.

"Tsoho, jefar da gawar nan mana," in ji Narelle ta kan shinge.

"Gawa? Ni ma haka likita ya ce da ni bara. 'Yar tsako, zo ki riƙe mini madubi!"

Da wutar lantarki a jikin talabijin yake gyara, yana murɗa bayan talabijin yana duban hoton ta madubi. Dokarsa ɗaya ce, har Tegan ta haddace: hannu ɗaya a aiki, ɗaya a aljihu, kada wuta ta sami hanya ta ƙirji.

Ran Asabar ɗin, rana tsaka, hoton ya tsaya. Ɗan farin ɗigo ya fara tsalle tsakanin sanduna biyu. Tegan ta yar da madubi, ta zagayo da gudu tana miƙa hannu wajen wayoyin. Tsohon ya zaro hannunsa daga aljihu ya hankaɗe ta baya. Santsi ya kwashe shi, ya cafki ƙarfen teburi, ɗaya hannun kuwa na kan wayoyin.

Narelle na shanya ta ji ƙarar, irin ta kare da mota ta take. Ta tsallake shinge. Ta tarar da shi a sandare yana karkarwa, haƙora a datse, jini na bin haɓarsa don ya ciji harshe, gareji duk ƙaurin fata. Makunnin yana can bayan teburi. Tegan ta miƙe za ta rungume ƙafarsa.

Shuri ɗaya Narelle ta yi mata, ta wuntsila bakin ƙofa. Ta fizgo sandar katako ta wasan kurket daga jikin bango ta maka wa hannunsa. Bai saki ba. Ta sake. A na uku ƙashi ya ce ƙas, ya zube. Ta hau ƙirjinsa tana dannawa har haƙarƙari ya karye a tafinta. Motar asibiti ta zo, amma sai mayafi suka ja masa.

Yanzu ta ajiye mataji, ta juyo da yarinyar, ta ɗaga rigarta ta dubi shatin shurin da ya koma kore.

"Wuta ce ta riƙe shi. Da kin taɓa shi, da ta haɗa da ke. Na doke shi ne ya saki."

"Ya ji zafi?"

"Ni na ji."

Tegan ta gyara rigarta.

"Amma ai ya manta doka."

Bai manta ba, don ya hankaɗe Tegan ya zaro hannun. Amma wannan ba amsar da za a ba 'yar shekara biyar ba ce.

"Ya manta," in ji Narelle.

Da la'asar ta hango Tegan a bakin shinge, tana kallon akwatin da magada suka ajiye kusa da shara, igiyoyinsa na reto, hannunta na hagu can cikin aljihu.

Kai mai karatu, ranar da ka ga wuta ta riƙe mutum, kada ka kai masa hannu, ko da ubanka ne. Nemi itace.