Kwanon Gwendal

"Na ce me kika zuba a miyar?"

"Kifi. Dankali. Albasa. Ruwa. Ko ruwan ma likita ta hana ka?"

"Inna, sau huɗu na shiga banɗaki daga cin abincin rana zuwa yanzu."

"To ni na aike ka? A kaina ka tsaya na dafa ta, kamar ɗan sanda. Ka leƙa tukunya, ka shinshina ludayi. Saura ka caje aljihuna."

Gwendal ya dubi tukunyar. Gaskiyarta ce. Ya tsaya, ya gani, ko ɗigon mai bai shiga tukunyar ba. Duk da haka ga cikinsa yana murɗawa kamar ana matse wanki.

Sati bakwai ke nan da aka cire masa maɗaciya. Likitar da ta yi aikin ta yi masa bayani a gaban mahaifiyarsa, Soazig. Ta ce ruwan ɗacin da hanta ke yi ba shi da ma'aji yanzu, tsiyaya kawai yake cikin hanji. In maiƙo ya yi yawa a zama ɗaya, cikin ba zai iya da shi ba, sai gudawa. Ya ci kaɗan-kaɗan, sau biyar a yini. Ya sha garin magani a ruwa. Ya riƙa rubuta duk abin da ya ci da abin da ya biyo baya. Soazig da hannunta ta manna takardar umarnin likitar a ƙofar firji.

Da farko ya sha wuya. A sati na huɗu cikin ya kwanta. Ya fara tafiya har bakin tashar jiragen ruwan garinsu, Guilvinec, ya dawo, ba tare da yana auna nisan banɗaki da ido ba.

Sannan Fanch ya zo, mai jirgin kamun kifin da Gwendal ya yi shekara shida a kansa. Ya zauna a kicin bai cire hula ba.

"Kai ne aka ce an huda kamar rariya?"

"Huji huɗu ne kawai."

"Kwana goma sha huɗu a teku, maza biyar, banɗaki ɗaya. In ana jan raga ba wanda ke cewa ku dakata in zaga. Litinin ta ƙarshen wata za mu tashi. In cikinka ya zauna, gadonka a jirgi na nan. In bai zauna ba, surukina na jira, kuma in ya hau ba zai sauka ba."

Soazig tana wanke-wanke, ta ba su baya.

Litinin ɗin saura kwana biyar yanzu.

Gwendal ya zargi komai. Ya zargi maganin, ya duba kwanan watan da ke jikin kwalin. Ya zargi ruwan famfo. Ya zargi likitar, ko ta manta wani abu a ciki. Har man shanun da ke kan tebur ya yi wa zane da wuƙa a ƙasa, ya ga yana raguwa. Amma wannan bai nuna komai ba. Duk garin ba gidan da ba a lafta man shanu mai gishiri a burodi da safe, Soazig kuwa nata ya fi burodin kauri.

Ran Alhamis ya dafa shinkafa da tsokar kaza da kansa, ya zuba a roba, ya wuni a tasha yana taya masu ɗinkin raga. Cikin bai ko motsa ba. Ran Juma'a ya ci miyar gida, wadda ya tsaya aka dafa. Kafin awa guda ya fara zarya.

Ya zauna a bakin gado ya buɗe ɗan littafin da yake rubuta abin da ya ci. Ya bi shafukan a hankali, da yatsa. Kwana goma sha ɗaya lafiya lau. Sai gudawa. Ya duba ranar da ta dawo. Washegarin zuwan Fanch ce.

Ya rufe littafin.

Ran Asabar da rana ya sake tsayawa a kicin. Ruwa, karas, dankali, farin kifi. Soazig tana juyawa tana tsokanarsa.

"Sufeto, in sa gishiri ko sai an kawo takarda?"

"Saka."

A gidan, kowa da kwanonsa na tangaran, mai kunne biyu, da sunan mai shi a rubuce a jiki. Ba a ci a kwanon wani. Na mahaifinsa, Yannig, yana kan kanta shekara goma sha ɗaya, tun daga ranar da igiyar raga ta ja shi teku ba a ga gawarsa ba. Soazig kan goge shi duk Lahadi. Nata da na Gwendal kuwa, kullum sai ta sa su a obin, tanderun girki, su yi ɗumi kafin ta zuba miya, don kada ta huce. Haka ya taso ya gani. Bai taɓa tunanin kwano ba. Tukunya yake tsaro.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciya ce ta dawo da faranti. Soazig ta fita, suka tsaya a bakin ƙofa suna maganar iska.

Gwendal ya dubi obin. Ya ja tsumma, ya buɗe.

Kwanon Soazig a bushe yake. A gindin nasa akwai man shanu narkakke, ya kai cokali uku, ya kwanta yana sheƙi. In aka zuba miya mai kauri a kai aka juya, ba mai gani.

Ya ajiye su biyun a kan tebur, gefe da gefe. Ya zauna.

Da ta dawo ta gani, sai ta tsaya. Ta goge hannunta da zanen girki, ko da yake ba a jiƙe yake ba.

"Ka rame," ta ce. "Dubi wuyanka. Wa ya taɓa warkewa da ruwan dankali? Uwata haka ta yi wa ubana da ya kwanta. Ni ma haka na yi wa ubanka duk dawowarsa daga teku."

"Ke kika manna takardar can."

"Likitar nan 'yar birni ce. Ba ta san cikin mutanenmu ba."

"Sati biyar ba ki saka ba."

"Ka ƙirga?"

"Na rubuta."

Ya ɗora littafin a kan tebur, kusa da kwanon. Bai buɗe ba. Ita ma ba ta taɓa ba. Miyar tana tafasa a bayanta, murfin yana rawa, ba ta juya ta rage wuta ba. Idonta ya wuce shi, ya sauka a kan kanta, inda kwano na uku yake.

Kwana biyu suka rage. In ya dafa wa kansa daga yau, wataƙila cikin ya kwanta kafin Litinin. Wataƙila. Jakarsa tana ƙarƙashin gado, takalman roba suna bayan ƙofa. Yana iya kiran Fanch yanzu. Amma bai tashi ba.

Ya tura kwanon gabanta da yatsa ɗaya. Man ya fara daskarewa a gefe.

"Inna, don in yi ƙiba kike sakawa, ko don jirgin ya tashi ba ni?"