Zanzaro a Hancin Jirgi

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Yakaka gani, damina ta yi ƙarfi har hanyar Kano ta yanke. Ɗanta Zarami, wanda ke raba magani a asibitin Potiskum, ya rasa yadda zai kai ta wurin likitan ido. Ana cikin haka sai wani ƙaramin jirgin masu awon ƙasa ya sauka a filin bayan gari. Matuƙinsa, wani Bature dogo, ya sauko yana rawar ɗari, zazzaɓi ya kwantar da shi. Zarami ne ya yi jinyarsa. Da ya warke, ya ce a kawo tsohuwar ya kai ta Kano, akwai kujera.

Ranar tafiya hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. A al'ada Baturen kan zagaya jirginsa, ya taɓa nan, ya leƙa can. Ran nan sama ya duba, ya ce su yi maza su shiga.

Zarami ya ɗaure wa uwarsa ɗamara, ya zauna kusa da matuƙi. Jirgi ya ɗauki gudu, ciyawa na wucewa kamar ruwa. Yakaka ta damƙe carbinta. Can sai Zarami ya ga Baturen ya ƙwanƙwasa wani agogo da yatsa. Allurar cikinsa tana kwance, ko motsi. Ya sake ƙwanƙwasawa. Nan take ya janye wuta, ya taka birki da ƙarfi.

Jirgi ya yi ta tangaɗi, ƙarshen fili na matsowa. Zarami ya rufe ido yana salati. Suka kutsa cikin gonar gero, kara na dukan fukafukai, sannan komai ya tsaya cik.

Yakaka ce ta fara magana.

"Zarami, har mun iso Kanon?"

"Iya, ko Mamudo da ke nan kusa ba mu kai ba," in ji shi. Sai dariya ta kuɓuce masa, hawaye na zuba.

Baturen ya sauka, ya nufi wani siririn bututu a ƙarƙashin fiffike, ya leƙa, ya yafito Zarami. Bakin bututun a toshe yake da jar laka. Kwanakin da jirgin ya yi a ajiye, zanzaro ya samu wuri ya gina ɗakinsa.

"Malam, nan ne hancin jirgi," in ji Baturen da gurɓatacciyar Hausarsa. "Iska ta shiga nan, allura ta gaya mini gudu. Babu allura, ni makaho ne a sama. Ban duba ba. Na yi sauri."

Zarami ya mayar wa uwarsa da bayanin. Ta ce, "Makaho ya ja makauniya? Allah ya kyauta. Ka ce masa ba na sauri."

Manoman da suka sheƙo da gudu suka taya su tura jirgin baya. Mai gonar ya tsaya yana kallon geronsa da ya kwanta, ya ce tunda ba a rasa rai ba, gero zai tashi. Ba su gama ba ruwa ya kece, kowa ya fake ƙarƙashin fiffike.

Washegari gari ya waye tas. Baturen ya riga ya sakace bututun. Duk da haka ya bi jirgin daga hanci har wutsiya, yana girgiza kowane ƙarfe, ya ɗebo mai ya ɗaga a rana ya duba ko da ruwa a ciki. Ba wanda ya ce masa ya hanzarta.

Wannan karon Zarami bai ɗauke ido daga allurar ba. Jirgi na fara gudu ta girgiza, ta miƙe, ta yi ta hawa. Ƙasa ta sake su. Ya leƙa ya ga shanun kasuwa ƙanana kamar wake a faifai, ya sunkuya kusa da kunnen uwarsa ya fara ba ta labarin abin da yake gani.