Fiffike Mara Ɗigo

Ƙwaron bai kai kan allura ba, amma yana cizon raƙuma har su kasa kiwo. Duk danginsa da aka sani suna da ɗige-ɗige a fiffike, da su ake bambance wannan da wancan. Wanda ke ƙarƙashin madubin binciken Dakta kuwa fiffikensa fari ne fes.

In sabon nau'i ne, za ta sanar da shi a taron masana na ƙarshen wata. In kuma ba sabo ba ne ta sanar, sunanta ya ɓaci.

Yayanta ne ya kamo ƙwarin. Likitan dabbobi ne, yana zagaya garkunan hamada, ita ke ba shi tarko da kwalaben sifirit na adana ƙwari. Matsalar ita ce kwalbar da ta sha rana takan kore ɗigon fiffike, kuma Yaya mutum ne da ke jibge komai a gaban mota.

"A ina ka ajiye kwalbar?" ta tambaye shi da ya shigo ɗakin binciken.

"A cikin kular sanyi mana."

"Tun daga can?"

"Ke Auta, ni fa na goya ki. Yanzu don kin sa farar riga za ki tsare ni kamar ɓarawo?"

"Tambaya na yi, Yaya."

"To ki sa wa ƙwaron sunan Baba, kada ki manta."

Ta lura bai dube ta ba da ya ce kula.

Da zai koma, ta ɗura sanannun ƙwari masu ɗigo a wata kwalba, ta ce ya kai wa wani abokin aikinta a can, in bai same shi ba ya dawo da ita. Ta san mutumin yana hutu.

Kwalbar ta dawo bayan mako. Ta ciro ɗaya da ɗan hantsaki, ta cire fiffiken, ta shimfiɗa a gilashi. Ɗigon yana nan, baƙi ƙirin. Ta duba wani, ta sake duba wani, duk haka. Tafiyar Yaya ba ta kore ɗigo ke nan.

Yana jingine da firji yana kallonta.

"Na ci jarabawar?"

Ta ɗago.

"Ai na gane ki," ya ce yana dariya. "Mutumin da kowa ya san ba ya nan? Wannan karon a kula na sa, har ƙanƙara na ƙara."

"Wannan karon."

Dariyar ta tsaya. Ya sosa ƙeya.

"Wancan ɗin ma ba ta daɗe a waje ba. Ina jin."

Dakta ta kashe fitilar madubin. Ta ɗauki waya ta gaya wa mai shirya taron ya cire ta daga masu jawabi.

"Yaushe za ka koma?"

"Jibi."

"Ka share min kujerar gaba. Tarkon ma ni zan kafa."