Faifan da Iya Ta Jira

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ma da Larabci na yi shi, Hausar boko kuwa a jikin kwalin fina-finai na tsince ta. Amma abin ya tsaya mini a rai, ni kuma ba mai iya faɗa da baki ba ce.

Sunana Hibatullah. Mu uku ne a gidanmu da ke bayan masallacin Ƙiblatain a Madina: ni, da yayana Yazid mai aikin ɗaukar kaya a filin jirgi, da kakarmu Iyatu, wadda muke kira Iya. Iya 'yar Kazaure ce. Tana amarya mijinta ya taho da ita aikin Hajji, suka zauna a Madina, ba ta sake komawa ba.

Da ganinta ya fara raguwa, likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyar idon, babu aikin da za a yi, a hankali zai tafi. Don ta rage zaman shiru sai Yazid ya yi rajista da wani kamfani a Jidda mai ba da hayar fina-finan Hausa ta gidan waya. Lokacin ba kowa ke da fim a wayarsa ba. Ana biyansu duk wata, su aiko faifai ɗaya a ambulan, in an kalla a mayar, sannan su aiko na gaba.

Da farko mun ji daɗinsu. Iya takan ja tabarmarta dab da talabijin, tana zagin mugu, tana sa wa mai gaskiya albarka. Sai wata rana aka kawo wani fim mai kashi biyu. A ƙarshen na ɗaya jarumin ya shiga mota a tasha, kwandasta yana ta kiran, "Kazaure! Kazaure!" Nan fim ya tsaya.

Iya ta dafa gwiwata. "Ƙawata, Kazaure ya ce?"

"Kazaure ya ce, Iya."

"To, maza a mayar musu su kawo ɗan'uwansa. Ashe zan ga duwatsun garinmu kafin idon nan ya rufe."

Yazid ya mayar a ranar. Abin da suka aiko fim ɗin Indiya ne, wai kashi na biyu yana hannun wani, mu yi haƙuri da wannan. Muka mayar, muka jira.

Ranar da kashi na biyun ya zo, da hantsi ne, Yazid da ya saba karɓa yana aiki. Na ji ana buga ƙofa, na tsaya daga ciki na ce wane ne. Mandub ne, mai kawo saƙonsu. Da Larabci ya yi magana.

"Yazid yana nan?"

"Yana aiki. Ka turo ta ƙarƙashin ƙofa."

"Mamnu', an hana. Sai mai suna ya sa hannu."

"Ni ƙanwarsa ce."

"Ya ukhti, 'yar'uwa, ko uwarsa ce ke."

Iya ta jiyo daga ɗaki, ta ɗaga murya da Hausa. "Uwarsa kuma? Ai ga matarsa nan zaune, tsohuwar zuma! Kawo in dangwala maka!"

Bai ji abin da ta ce ba. Na ji takunsa yana sauka daga bene.

Sai daga baya muka gane ƙa'idarsu. Faifan da ya koma, wanda ke bin layi ake ba, kai kuma ka koma baya. Yazid ya buga musu waya, suka ce ma'alesh, wato a yi haƙuri. Ya ce a sa sunana, suka ce sai ya je ofishinsu na Jidda da kansa, alhali alhazai sun fara sauka, ba mai ba shi hutu. Ya ce su kawo da yamma, suka ce mandub da safe yake zagaye. Ya ce ranar Juma'a, suka ce ba sa aiki. Kuɗin wata kuwa ba su taɓa makara wajen cira ba.

Iya takan tare shi in ya dawo. "Maigida, ina tsarabata?"

"Bukra, insha Allah, Iya."

"Kullum bukra, kullum gobe. Wannan miji, da na san haka kake da ban aure ka ba."

Yakan yi dariya, amma ya daina haɗa ido da ita. Ni ce ke wuni da ita, ni ke ganin abin da ke faruwa. Da farko ta daina gane fuskoki a talabijin, sai muryoyi. Can ta fara zuba shayi a gefen kofi. Wata safiya ta ce in ɗage labule, alhali a ɗage yake.

Da layi ya sake zuwa kanmu suka sa rana. Yazid ya roƙi abokin aikinsa suka yi musanya, ya wuni a gida, ba wanda ya zo. Washegari, yana fita, aka buga ƙofa.

Ni da ko a kanti ba na iya ɗaga ido in dubi namiji, ranar na zura abaya na buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ambulan yana hannun mandub. Na miƙa nawa hannun.

"Don Allah. Kakata ce, idonta yana tafiya."

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce, ya mayar da shi jaka. "Nizam ne, doka ce, ba ni na sa ba."

Har alhazai suka gama tafiya, zafi ya wuce, sanyi ya shigo. Rannan zazzaɓi ya kwantar da Yazid a gida, kuma a ranar ne mandub ya zo ba tare da sanarwa ba. Yazid ya fita da bargo a ka ya sa hannu.

Bayan la'asar na shimfiɗa wa Iya tabarma na saka faifan. Ba a jima ba motar ta sha kwana, sai ga duwatsu sun cika talabijin, manya, da ciyawa kore a gindinsu.

"An fara?" in ji Iya.

"An fara."

"Sun iso?"

"Ga su nan, Iya. Ga duwatsun."

Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ta sa tafin hannu ta shafa shi daga sama zuwa ƙasa.

"Haske kawai nake gani. Faɗa mini, wanne ne? Na bayan kasuwa, ko na hanyar rijiya?"

Na duba, na sake dubawa. Ban taɓa zuwa Kazaure ba, dutse duk dutse ne a wurina.

"Babba ne, Iya."

Ta ja da baya daga gilashin. Sannan ta janye hannunta ta sa a cikin zane.

"Kashe, ƙawata. Ku da ba ku san shi ba kun gan shi."

Yazid ya tashi da bargonsa ya shige ɗaki. Kafin magariba saƙo ya shigo wayarsa: suna godiya da zaɓarsu da muka yi, kuma a hanzarta mayar da faifan don kada a ɓata wa wasu lokaci.

Washegari da safe na cire faifan na tura shi ƙasan akwatin kayan Iya. Na liƙe ambulan ɗinsu ba komai a ciki, na sa abaya, na tafi gidan waya ni kaɗai na jefa musu.