Gyaran Kalma Ɗaya

Ranar da aka yanke shawarar daina buga mujallar ɗalibai a takarda a mayar da ita intanet, babu wanda ya kai Edita, shugabar mujallar, murna. Ta gaji da sintiri zuwa maɗaba'a, ta gaji da kinkimar ƙunshin mujallu zuwa ofishinsu a saman bene, wani ɗan tsukin ɗaki mai teburi ɗaya da fankar da ba ta iya komai ba sai ƙara. Ga aikin kammala digiri ya sa ta a gaba. Mai kwamfutarsu ya nuna mata maɓallin gyara a sabon shafin, ya ce, “Ko bayan an wallafa, kina iya canza duk abin da kika ga dama.” Ta ce alhamdulillahi. Ta dai yi saurin godiya.

Labarin farko da ya yi tashe a shafin na Shiru-shiru ne, wata 'yar aji biyu da ba a taɓa jin muryarta a taro ba. Ta rubuta yadda famfo ɗaya ya rage a gidan kwanan 'yan mata, yadda ake hawa da bokiti a matakalar da ba fitila, da yadda ƙawarta ta zame ta karye a hannu. Ita ta raka ta asibiti, don haka ba jita-jita ta rubuta ba. Edita ta karanta, ta wallafa shi nan take.

A zamanin takarda, da an kai maɗaba'a magana ta ƙare. Wanda ya ji haushi ya hauro ya zazzage faɗansa, a ba shi haƙuri, ya sauka. Yanzu kuwa kowa ya san akwai maɓalli.

Mai kula da gidan kwanan ce ta fara kira. “'Yata, ban ce ki cire ba. Kalma ɗaya ce. Maimakon ‘babu ruwa’, ki sa ‘ana ƙarancin ruwa’, ai famfo ɗayan yana zuba.” Edita na tsaye a layin ganin malamin da ke duba aikinta, ta gyara a waya don a ƙyale ta. Sai shugaban ƙungiyar ɗalibai, shi kuma so yake a ƙara cewa ya kafa kwamiti. Malamin da ke sa ido kan mujallar ya ce tunda babu takardar likita a hannunsu, “ta karye” ta yi nauyi, a ce “ta ji ciwo”. Yayan yarinyar da ta zame ya kira da sanyin murya, dangi sun dame shi da tambaya, a taimaka a cire zancen ƙanwarsa baki ɗaya. Daga ofishin gyare-gyare aka turo hoton sabon ƙwan fitila a matakala, wai sakin layin duhun ya zama tsohon labari.

Abin haushin shi ne kowa da hujjarsa, kuma babu wanda ya ɗaga mata murya. Da tsawa suka yi da ta kafe, don Edita ba ta rasa taurin kai ba. Amma roƙo cikin ladabi, a kunnen wanda kansa ya riga ya ɗau zafi, ya fi tsawa ƙarfi. Kowane gyara ƙarami ne, ita kuma ba ta sake karanta labarin daga farko ba.

Wata rana da azahar Shiru-shiru ta hauro, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da waya.

“Yaya, 'yan gidanmu sun daina amsa gaisuwata. Sun ce an saye ni.”

Ta karanto da ƙaramar muryarta: ana samun ƙarancin ruwa jefi-jefi, an kafa kwamiti, an kuma inganta hasken matakala. Ƙarƙashinsa ga sunanta ɓaro-ɓaro. Kunya ta rufe Edita, ta rasa inda za ta sa idonta.

“Turo min na asalin, yanzu in mayar.”

“Ai a nan na rubuta shi, kai tsaye a shafin. Ba ni da wani.”

Edita ta kira mai kwamfuta. Ya ce tsarin da suke kai ba ya ajiye tsohon rubutu, abin da aka goge ya tafi. Ta ajiye wayar a hankali, ta jawo kujera.

“Zauna, ƙanwata. Ki faɗa ina bugawa, mu sake shi yadda yake.”

Shiru-shiru ba ta zauna ba. Ta dubi kwamfutar, sannan ta ce, “In na sake rubutawa, gobe aka kira ki, za ki bar shi?”

Edita ta buɗe baki za ta ce sosai ma. Sai ta ji gajiyar nan tana nan daram a kafaɗunta, ta kuma san gobe ma da ita za ta tashi.

“To ki cire sunana kawai, Yaya.”

Shi ma wannan gyaran bai ba ta wahala ba. Kafin yarinyar ta gama sauka daga benen, labarin ya zama ba na kowa ba.