Shafuka Masu Datti

Haliru ya yi digirin kwamfuta a Sakkwato, abin da ya ba shi damar buga katin biki da sanarwar rasuwa a wani shago bakin kasuwar Bagudo. Ba ya kuka da haka. Mutane ba su daina aure ba, ba su daina mutuwa ba.

Mahaifiyarsa Sakinatu ta rasu yana goye. Daga ƙetaren iyaka aka auro ta, ƙasar Benin, kuma a gidan ubansa in ya ɗauko zancenta sai a ce ya yi mata addu'a. Ko hotonta babu. Wadda ta rage da ta san ta tun ƙuruciya ita ce yayarta, Inna Atika. Ya daɗe yana aika mata roƙo ta zo ta ba shi labarin mahaifiyar, ya ɗauki muryarta a kwamfuta. Ranar da ta ƙetaro ganin likitan ido, ta sa Maliki ɗan kabu-kabu ya sauke ta ƙofar shagon.

Tun da safe Haliru ya gwada ɗaukar murya, sai ya ji ƙarar tsohon faifan kwamfutarsa tana shiga ciki, ƙurus-ƙurus kamar ɓera a rumbu. Mai digiri ba ya zama da irin wannan. Ya san kwamfuta ba ta kai abu faifai nan take. Uwar manhajar, wadda ake kira kanel, tana riƙe shi shafi-shafi a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke. Shafin da bai kai faifai ba, masu sana'ar na ce masa mai datti. Akwai lambobin da ke faɗa wa kanel yawan dattin da za ta tara da tsawon jiran da za ta yi kafin ta kwashe. Haliru ya ɗaga su har ƙololuwa. Faifai ya yi tsit. Ya ji daɗin kansa ƙwarai.

Inna Atika ta zauna kan tabarma, ta harari makirufo.

"Wanga abu za ni yi ma magana, ko kai?"

"Duk ɗaya ne, Inna."

"Uhm. Boko ke nan."

Ta fara a hankali, sannan bakinta ya buɗe. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta rera wani abu da Dandanci, yarensu na can ƙetare, daga baya muryarta ta karye, tana magana tana share ido da gefen mayafi. Haliru kuwa idonsa na kan koren layin da ke hawa da sauka a allon kwamfuta, yana tsaron kada ya wuce ja. Aiki ya yi kyau, babu ƙara ko ɗaya.

Tana cikin addu'ar rufewa janaretan mai askin da yake jan wuta daga gare shi ya yi tari ya mutu. Batirin kwamfutar ya riga shi mutuwa da shekaru.

"Akwatin naka ya yi barci?"

"Mai ne ya ƙare, Inna."

"Man ya tafi Benin gaida dangi," in ji Maliki daga bakin ƙofa.

Da aka samo mai, Haliru ya kunna. Sunan fayil na nan, har da kwanan wata. Ciki fayau.

"To, sa in ji kaina," in ji ta.

Ya fara bayanin shafuka, ya ji bayanin ba shi da kunya, ya bari.

"Bai kama ba, Inna. Sai an sake."

"A sake mi?"

"Daga farko. Ko rabi ma."

Ta dube shi da idon da likita ya ce shi ne mai sauran gani.

"Ɗan nan, ni na wanke gawar uwarka da hannuna. Yau na sake wanke ta don kai. Ba ni yin na ukku." Ta laluba takalminta. "Ai kana zaune, da kunnuwanka biyu. Ko su ma da mai suke aiki?"

Ba da faɗa ta faɗi ba. Ta ma shafa kansa, ta sa masa albarka. Maliki ya ce hadari na haɗuwa, in ruwa ya sauko hanyar Tsamiya da za su bi sai jirgi. Ya ɗora ta, suka tafi.

Haliru ya zauna inda ta tashi, ya nemi abin da ya ji. Ya tuna inda koren layin ya yi tsalle, nan ta yi dariya, amma bai san abin dariyar ba. Waƙar ko karinta bai riƙe ba. Akwai dai zancen wata bahaguwa da ake buge wa hannu wurin cin tuwo, ita kuma ta ƙi sauyawa har ta girma. Ko Sakinatu ce, ko wata ƙanwarsu da ruwa ya ci, bai tabbata ba.