Tsagar Ginshiƙi Na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ke nan da Baba Magini ya gama aikinsa a ginin nan mai hawa shida da ke bakin babban dandali, kuma tun ranar da aka buɗe shi bai sake taka cikinsa ba. In hanya ta biyo da shi ta wajen, sai ya tsallaka titi ya bi ɗaya gefen. Mutanen gida sun ɗauka halin tsufa ne. Da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta samu aiki a ɗakin gwajin jini da ke hawa na uku, ya yi ta kawo mata dalilan da za su hana ta karɓa: wurin ya yi nisa, ga hawan bene, ga aikin yamma. Ta yi dariya ta ce, "Baba, kai fa ka gina shi. Ko ba ka yarda da hannunka ba ne?"

Abin da ya ɓoye shi ne, ranar da za a zuba ginshiƙan gabas, ɗan kwangila ya kawo rodi siriri, ba wanda aka rubuta a takarda ba, siminti kuma ya ce a ja masa hannu. Magini ya yi magana. Mutumin ya ce, "Filasta mai rufin asiri ce. In ba za ka iya ba, ga wasu can a bakin ƙofa suna jira." A lokacin uwar yaransa na da tsohon ciki. Sai ya zuba. Ɗan kwangilar ya daɗe da rasuwa. Saura shi kaɗai ya san abin da ke cikin ginshiƙan nan.

Wata rana Auta ta dawo gida da labari. Wai wata mata ce mai zane da haske za ta mai da jikin gininsu allon kallo, daga ƙasa har sama, kwana uku a jere, da zarar rana ta faɗi.

"Ka zo ka ga yadda aka yi wa aikinka kwalliya," in ji ta. "Ƙarfe takwas nake tashi, sai mu dawo tare."

Ya so ya ƙi, amma ta riga ta goge masa riga.

Ya tarar da dandalin maƙil da jama'a. An kafa manyan majigi huɗu a kan wani dandamali, ga lasifikoki kamar akwatunan kaya an jera su a gindin ginin. Ya samu gefen wata fitilar titi ya jingina. Da haske ya faɗa kan bango, sai ga ruwa yana gangarowa daga rufi, kifaye masu girman mota suna iyo tsakanin tagogi. Yara suka ɗauki ihu. Shi kansa sai da ya saki baki. Daga nan ruwan ya ƙafe, furanni suka tsiro, suka bushe, bangon ya koma fari fat.

Sai kiɗan ya tsaya. Aka ji wata ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen reshe.

Wani baƙin layi ya taso daga gindin ginshiƙi na huɗu na gabas. Ya hau a karkace, ya ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin tagar hawa na biyu, ya miƙe zuwa na uku. Baba Magini ya janye jikinsa daga fitilar. Ya san haske ne, an gaya masa. Amma ta nan, daidai ta nan, ya sha ganin tsagar nan a mafarkinsa. Lasifikoki suka fara wani gurnani mai nauyi da yake ji a haƙarƙarinsa, bulo na haske suka fara zubowa, mutane na ja da baya suna dariya suna ɗaga wayoyi.

Ya kutsa cikin jama'a yana ture kafaɗu. Wani ya ce, "A'a, tsoho, sannu mana, ba da gaske ba ne!" Hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. A bakin ƙofa maigadi ya tare shi.

"Baba, ina zuwa? An rufe sai ma'aikata."

"'Yata na sama. Ɗana, don Allah matsa."

Ko me maigadin ya gani a fuskarsa, ya matsa.

Bai yarda da lifta ba, ya bi matakala. A hawa na farko numfashi ya fara gagararsa, a na biyu sai da ya dafa bango, ya ji bangon na rawa a tafin hannunsa kamar cikin kyanwa mai gurnani. Ya tura ƙofar ɗakin gwaji. Auta na zaune da farar riga tana jera kwalabe, abokiyar aikinta na rubutu.

"Baba! Lafiya? Ina hularka?"

Ya nufi kusurwar gabas inda aka jingina wata doguwar durowar ƙarfe, ya sa kafaɗa ya ture ta. Takardu suka zube. A bayanta ginshiƙin ya fito, fentinsa ya kumbura. Ya sa farce ya ɓantare. Ga ta nan, tsaga daga ƙasa har tsayin ƙirjinsa, bakinta da jan tsatsa. Ya zura ɗan makullin gidansa, ya shige har rabi. Duk sa'ad da lasifikokin ƙasa suka yi gurnani, sai wani garin yashi ya zubo a kan takalminsa.

"Ku fita," ya ce. Ba wadda ta motsa. Ya sake cewa, "Ku fita yanzu. Su wa ke sama?"

"Masu koyon ɗinki a na biyar. Baba, mene ne wai?"

"Rodin ciki ba shi ne aka ce a sa ba. Ni na zuba shi da hannuna."

Auta ta tsaya tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Sannan ta ajiye kwalbar hannunta a hankali, ta ce wa abokiyarta ta hau ta sauko da masu ɗinki, kada kowa ya yi gudu. Ita kuma ta kama hannun uban. Saukar nan ta fi hawan tsawo. Kowace taka yana jiran ya ji ƙarar da ba ta lasifika ba, yana jin sawun mata kusan ashirin a bayansu, wata na tambaya ko gobara ce.

A waje ana tafi, ginin haske ya gama rushewa yana sake haɗa kansa. Auta ta ja shi har dandamalin majigi, inda wata mata mai tabarau ke tsaye gaban kwamfuta. Ita ce mai zanen.

"Ki kashe sautin nan," in ji Auta. "Ginshiƙin can ya tsage da gaske."

Matar ta dube su, ta dubi garin siminti a hannun tsohon, ta sauke wani maɓalli. Dandalin ya yi tsit, sai gunagunin jama'a.

Baba Magini ya ce, "'Yata, wa ya nuna miki inda za ki ja layin nan?"

"Ba kowa, Baba. Hotunan bangon na ɗauka da safe, wata biyu da suka wuce. Na ga wani siririn layi a filasta kamar gashi, ya ba ni sha'awa, sai na bi shi na ƙara masa girma." Ta cire tabaranta. "Akwai wasu guda biyu a ɗaya gefen. Gobe ne na shirya nuna su."

Aka kira 'yan kwana-kwana, aka ja igiya, aka kori jama'a zuwa can bakin titi. Ginin bai faɗi ba. Washegari injiniyoyi suka zo da na'urorinsu, suka kwashe yini suna ƙwanƙwasa ginshiƙai, kafin yamma suka sa aka tokare hawa uku da turakun ƙarfe, aka manna takarda a ƙofa. Ɗayansu ya ce da an yi kwana ukun nan da wannan sauti, shi dai ba zai rantse cewa ginin zai tsaya ba.

Sau biyu ana kiran Baba Magini ofis yana ba da bayani, ya faɗi komai, har ranar da aka yi zubin da irin yashin da aka sa. Aka rubuta, aka ce ya tafi za a neme shi. Ya zauna a gida yana jira, in an buga ƙofa ya ɗauka shi aka zo ɗauka.

Ɗakin gwajin ya tashi ya koma wani ɗan shago a bayan tasha, an rage ma'aikata, amma Auta ta tsira da aikinta. Sati uku tana ajiye masa abinci ba ta zama. Ran nan da safe, tana ɗaura agogo za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Shekara biyu ina zama kusa da kusurwar nan, Baba."

"Na sani."

"Akwai wasu gine-ginen da kuka yi da mutumin nan?"

Ya ce, "Akwai makaranta guda."

Ta ajiye jakarta a kan kujera, ta ciro biro da takarda, ta ce ya faɗa mata unguwar.